Kafin a Sayi Sabon Famfon Mai: Jan Hankali ga Masu Akori-kura

Duk wanda ya san hanyar da ta taso daga Tsarnawa ta bi ta Badagishiri zuwa Tawa ya san wahalar da motocin akori-kura ke sha ranar kasuwa. An lafta wa Hilux buhunan albasa, an ɗora awaki, fasinja sun zauna a kan kaya. Tana kama hawan tudun Adar sai ta fara shaƙewa, direba ya take totur ta ƙi amsawa, daga nan ta mutu. Abin da yakan fara fitowa daga bakin mutane shi ne, "Famfo ya tafi." Sau da yawa kuwa famfon lafiyarsa lau.

Ya kamata mai mota ya san irin famfon da ke motarsa. Tsohuwar Peugeot 504 mai kafireta, famfonta a jikin inji yake, injin ke motsa shi, ƙarfin turinsa bai kai rabin bar ba a ma'aunin bakanike. Motar fetur ta zamani kuwa famfonta na lantarki ne, yana nutse cikin tanki, yana tura mai da ƙarfin bar 3 zuwa 4. Idan ƙarfin nan ya ragu, mota takan tashi da ƙyar, ta yi tafiyarta a miƙaƙƙiyar hanya, amma ta kasa hawa da kaya.

Binciken farko ba ya cin ko dala. A murɗa makulli ba tare da an tada inji ba, wani ya kara kunne kusa da tanki. Lafiyayyen famfo yakan yi ɗan gurnani na daƙiƙa biyu ko uku. In an ji shiru, a duba fis da wayoyin da ke zuwa tanki tukuna, domin gargada da ƙura na kwance su. In kuma an buɗe murfin tanki aka ji ya zuƙi iska da ƙarfi, mai yiwuwa mashaƙar tankin ce ta toshe. Daga nan sai matacin mai. A cire shi, a zazzage abin da ke ciki a farar kwalba, a bar shi ya kwanta. Ruwa ya fi mai nauyi, zai taru a ƙasa, yashi da tsatsa su bi shi.

Abin da ke cikin kwalbar nan shi ne tushen matsalar a wannan yanki. Shekara da shekaru man da ake tsallakowa da shi daga Illelar Najeriya zuwa Birnin Ƙwanni ya fi na gidan mai araha, 'yan ruwa-ruwa na sayar da shi a jarka da kwalabe bakin hanya. Lissafin ya canza tun da Najeriya ta janye tallafin mai a watan Mayun 2023, aka ƙara dogara ga man matatar SORAZ ta Damagaram, wadda ta fara aiki a 2011. Amma ɗabi'ar zuba lita biyu-uku ba ta canza ba. Jarkar da ta wuni a buɗe cikin ƙura, da mazurarin da aka ajiye a ƙasa, su ke kai datti tanki. Famfon lantarki kuma man da yake nutse a ciki ne ke sanyaya shi. Direban da kullum allurarsa na kan ja, shi da kansa yake gasa famfonsa a zafin bazara, yana ganin tsimi yake yi.

Masu motar gazuwal nasu ya ɗan bambanta. A ƙasan matacinsu akwai ɗan abin murɗawa na zubar da ruwa, a samansa kuma akwai famfon hannu. In an danna aka ji laushi, ya ƙi tauri, iska ce ke shiga ta tsagaggen tiyo. Sababbin injuna irin su D-4D suna tura mai da ƙarfin da ya haura bar 1,000. Kada kowa ya kuskura ya sassauta bututunsu inji na aiki, domin man na iya huda fata.

Sai duk waɗannan sun fita lafiya sannan a je gareji, kuma a nemi bakaniken da ke da ma'aunin ƙarfin mai. Wanda zai bugi tanki da sanda, mota ta tashi, ya ce a kawo kuɗin famfo, ya yi rabin aiki ne. In an sa sabo cikin tankin da ba a wanke ba, dattin da ya kashe na farko zai kashe shi.

Ana roƙon direbobi da yaran mota su riƙa tace man jarka da ƙyalle mai tsabta, kada su bari tanki ya sauka ƙasa da kwata, su daina zuƙo mai da baki, kuma su kashe taba kafin su taɓa tiyon mai.