SANDAR FATSA ƊAYA TA ISHI MAGIDANCI

Idan an gama girbi, tabkuna suna nan cike da ruwa, kifi kuma ya yi ƙiba. A tabkin Madarunfa kusa da Maraɗi, da Tabalak cikin ƙasar Tawa, da Gidimuni cikin ƙasar Damagaram, da bakin kogin Kwara, manomi yana iya samun na miya ko da bai gaji su ba. Kifi abinci ne mai gina jiki. Yana taimaka wa yara su girma, yana ƙara wa mai ciki da mai shayarwa ƙarfi.

Amma sau da yawa mukan ga mutum ya wuni a bakin ruwa, ya koma gida hannu wofi. Wani sandarsa ta karye, wani zarensa ya tsinke, wani kuma kifi ya cinye masa koto ya tafi. Sai ya ce ba shi da sa'a, alhali kayan aikinsa ne ba su dace ba. Darasinmu na yau shi ne: sanda ɗaya matsakaiciya ta ishe mu. Ƙugiya da koto su ne za mu riƙa canzawa.

1. Wace sanda za mu zaɓa?

Sanda iri uku ce. Siririya tana jin motsin ƙaramin kifi, amma tarwaɗa mai kilo 2 tana iya karya ta. Kakkaura ba ta karyewa da sauƙi, amma tana gajiyar da hannu, ba ta jin taɓin karfasa, kuma da yake ba ta lanƙwasa, idan kifi ya fizga sai zare ya tsinke. Ta tsakiya ita ce tamu: gindinta da ƙarfi, kanta da laushi. Kai mai laushi shi ke sanar da mu kifi ya taɓa. Gindi mai ƙarfi shi ke ɗago shi.

Gora ta fi dacewa da wannan aiki. Mu nemi wadda ta ƙosa, mai tsawon metir 3 zuwa 4. Mu rataye ta a inuwa, kai ƙasa, har ta bushe sarai, don rana tana tsaga ta. Inda ta karkace mu gasa ta kaɗan a kan garwashi mu miƙe ta, sa'an nan mu shafe ta da mai.

Ga yadda za mu gwada ta. Mu ɗaura kwalbar roba mai rabin litir na ruwa a kanta, mu ɗaga a hankali. Idan sulusin sama ne ya lanƙwasa, gindi yana tsaye, to sandar ta yi. Idan ta lanƙwasa har wajen hannu, ta yi rauni. Idan ko kaɗan ba ta rusuna ba, ta yi tauri.

A manyan kasuwanni akan sami sandar kanti mai abin naɗe zare. A ƙasar Amurka ana kama wani kifi mai suna bas da irin wannan sanda, da kotuna na roba da na ƙarfe iri iri. Su ma masuntan can shawararsu ga mai sanda ɗaya ita ce ya ɗauki matsakaiciya, mai kamar metir 2 da santimetir 10. Wanda ya sami halin saye, ya bi wannan ma'auni, ya kuma duba zobban da zare ke bi, kada a sami tsagagge.

2. Zare

Zaren roba yana da lamba a jikin ƙunshinsa. Mai 0,35 shi ne na tsakiya: bai yi wa karfasa kauri ainun ba, kuma yana riƙe tarwaɗa. Kada mu ɗaura shi a kan sanda kawai. Mu fara ɗauri daga wajen hannu, mu naɗo shi har kai. Ta haka ko kan sanda ya karye, kifi bai tafi da zare ba. Rana tana cin zaren roba, saboda haka mu ajiye shi a ɗaki, mu sake sabo idan ya fara kaushi.

3. Kowane kifi da kotonsa

A nan ne gwanintar take. Lambar ƙugiya a juye take: in lamba ta yi yawa, ƙugiya ta ƙanƙance. Lamba 12 ƙarama ce, lamba 4 babba ce. Da yake kamfanoni sun bambanta, mu duba da ido kuma.

Karfasa: bakinta ƙarami ne, tana kiwo kusa da gaɓa, wajen ciyawa. Mu sa ƙaramar ƙugiya, da guntun tana, ko gara, ko curin dusa da gari. Mu ɗaura guntun kara busasshe a zare don ya yi iyo, koto kuma ya tsaya a tsakiyar ruwa. Da kara ya nutse sai mu ɗaga. Safiya da la'asar sun fi.

Tarwaɗa: a ƙasan ruwa take, da ƙanshi da gashin bakinta take neman abinci, musamman da magariba da dare. Mu sa babbar ƙugiya, da tana mai yawa, ko hanjin kaza, ko yankan kifi. Mu cire karan, mu sa ƴar dalma don koto ya kwanta a ƙasa. Kada mu yi gaggawa, mu bari ta ja zare tukuna.

Giwan ruwa: mafarauci ne, ƙananan kifi yake ci. Kotonsa ɗan kifi mai rai, ko ƙarfe mai walƙiya kamar cokali da ake ja cikin ruwa. Ƙaramin giwan ruwa sandarmu tana iya masa. Babba kuwa yakan wuce kilo 50, wannan aikin masunta ne masu jirgi.

Tsage: haƙoransa suna yanke zare. Inda yake, mu haɗa ƙugiya da siririyar waya mai tsawon taƙi ɗaya.

Idan kifi mai nauyi ya kama, kada mu finciko shi sama. Mu ɗaga kan sanda, mu bar shi ya yi ta ja har ya gaji, sa'an nan mu jawo shi gaɓa. Hausawa sun ce mai haƙuri yakan dafa dutse.

4. Mu kiyaye lafiyarmu

Babban amfanin doguwar sanda shi ne muna kama kifi ƙafarmu a tudu. Cikin ruwan tabki ne ake ɗaukar tsargiya, ciwon da ke sa fitsarin jini. Ƙwayoyinta suna fitowa daga ƙananan katantanwa, su huda fatar wanda ya shiga ruwa. Duk wanda ya ga jini a fitsarinsa ko na ɗansa, ya je gidan likita, akwai magani. Kada kuma mu yi fitsari ko bayan gida a bakin tabki, don ta nan ciwon ke yaɗuwa.

Ƙugiya tana da ƴar ƙaya mai hana ta fita. Idan ta shige cikin nama, kada mu fizge ta. Mu yanke zare, mu wanke wurin da sabulu, mu je likita a cire, a kuma duba allurarmu ta tetanos. Dalma guba ce: kada mu matse ta da haƙori, kada mu bar ta hannun yara. Tarwaɗa da ƙurungu suna da ƙaya a gefe, mu kama su da tsumma.

5. Tabki amana ne

Kafin mu jefa fatsa, mu tambayi sarkin ruwa da ma'aikatan gandun daji dokar wurin, don akwai tabkunan da ake rufewa wani lokaci. Kifin da bai kai tafin hannu ba mu mayar da shi ya girma. Zuba guba ko maganin ƙwari a ruwa laifi ne: yana kashe kifi babba da ƙarami, yana cutar da mutane da dabbobi.

Tambayoyi don tattaunawa a ajin yaƙi da jahilci

1. Yaya ake gwada sanda kafin a kai ta ruwa?
2. Tsakanin lamba 4 da lamba 12, wace ƙugiya ce ta karfasa?
3. Don me ake cire kara a sa dalma idan ana neman tarwaɗa?
4. Ta wace hanya tsargiya ke shiga jikin mutum?

Wanda ya iya karatu ya karanta wa maƙwabcinsa. Allah ya ba mu sa'a, amin.