Lipitor ko Atorvastatin: Yadda Za Ka Kwatanta Kafin Ka Saya

Lipitor sunan kasuwa ne na wani maganin rage kitsen jini, wato kolestirol, wanda kamfanin Pfizer ya daɗe yana sayarwa. Sinadarin da ke aiki a cikinsa shi ne atorvastatin. Da wa'adin haƙƙin mallakarsa ya cika a Amurka a 2011, kamfanoni da dama suka shiga yin nasu, farashi ya sauko. Tunda magani ne na shekara da shekaru, ga yadda za ka auna su.

1. Duba sunan sinadari a jikin kwali. Idan an rubuta atorvastatin, ɗan gida ɗaya ne da Lipitor. Rosuvastatin na Crestor da simvastatin na Zocor magunguna ne daban, likita kaɗai ke sauya maka zuwa gare su.

2. Daidaita ƙarfi. Ƙwayar na zuwa a miligiram 10, 20, 40 ko 80. Abin da ke takardar likita shi za ka karɓa.

3. Tabbatar da rajista. A Najeriya, nemi lambar NAFDAC da ranar da wa'adin maganin zai ƙare. In akwai wurin kankarewa, kankare ka tura lambar da ta bayyana. Ka saya a kantin magani mai lasisi, domin jabu ya fi son suna mai tsada.

4. Kada launi ya ruɗe ka. Siffa da kayan haɗin ƙwaya kan bambanta. Sharaɗin hukumomi shi ne sinadarin ya shiga jini kusan daidai da yadda na kamfanin farko ke shiga. In akwai abin da jikinka ba ya karɓa, gaya wa mai harhaɗa magunguna.

5. Lissafa kuɗin wata guda. Zaɓi wanda aljihunka zai jure, don kitsen kan sake hawa da zarar an daina sha.

6. Bar jini ya yi shaida. Bayan mako 4 zuwa 12 da sauyawa, auna LDL, wato mugun kitsen jini, ka kwatanta da sakamakon baya.

7. Saurari jikinka. Ciwon tsoka mai tsanani ko fitsari mai duhu, garzaya asibiti, ko wanne kake sha. Mai juna biyu ta tuntuɓi likita tukuna.

Idan LDL ya tsaya inda likita ke so, ci gaba da mai sauƙin kuɗin, kuma ka riƙe na kamfani ɗaya gwargwadon hali.