Garken Taurari Mai Siffar Masa

'Yan'uwana ɗalibai, in kun fita koyarwa lalle wata rana yaro zai tambaye ku ko akwai wani abu bayan taurarin nan da mu ke gani. To, ga abin da za ku gaya masa.

Taurari ba a warwatse su ke ba, garke-garke su ke, kowane babban garke kuwa da taurari dubban miliyoyi. Ranarmu ɗaya ce a cikin namu garken. Waɗansu garkuna suna da hannuwa a murɗe, waɗansu a dunƙule su ke kamar ƙwai. Akwai kuma na tsakani, wanda Edwin Hubble na Amurka ya ware masa aji a 1936. Ni dai in zan kwatanta shi sai in ce masar Bauchi: tudu a tsakiya, gefe kuwa siriri, ba hannuwa. Irin wannan garke ya kusa cinye iskar da taurari ke samuwa daga gare ta, saboda haka yawancin taurarinsa tsofaffi ne, haskensu ja-ja.

Wanda na fi so ku nema shi ne NGC 5128, watau Centaurus A. James Dunlop ya gano shi daga Ostareliya a 1826. Nisansa fa? Haske yana gudun mil 186,000 a daƙiƙa guda, amma duk da haka sai ya yi shekara wajen miliyan 12 kafin ya iso mu! Masana sun rabu a kansa, waɗansu sun sa shi ajin masa, waɗansu ajin ƙwai. Abin da ya rikita su shi ne wata baƙar ɗamara ta ƙura da ta ratsa tsakiyarsa. An ce wani garke mai hannuwa ya haɗiye, ƙurar kuwa saura ce, a cikinta ma har yanzu ana samun sababbin taurari. A 1949 aka gane yana fid da igiyar rediyo mai ƙarfi, a cibiyarsa kuma akwai baƙin rami mai nauyin rana wajen miliyan 55.

Mu nan mun yi sa'a, gama mutanen Landan ba ya fito musu ko kaɗan. A watan Mayu, wajen ƙarfe 10 na dare, in ba hadari ba farin wata, ku ari tabaron hangen nesa, ku fita bayan gari inda ba fitila, ku fuskanci kudu sosai. Ku ɗaga ido kaɗan fiye da sulusin tazarar da ke tsakanin ƙasa da tsakar sama. Kada ku yi wa yara alkawarin abin mamaki: ɗan tabo ne fari-fari, kamar hayaƙi.