Darasi: Gas Daga Kashin Shanu, Akwai Riba?

Tun da aka janye tallafin man fetur a 2023, gas da gawayi da itace duk suka ƙara tsada a Kaduna. Mu da muke turka shanu a Doka da kewaye, bari mu yi lissafi kafin mu sa kuɗinmu.

Yadda Ake Yi

Ana haƙa rami a gina shi da bulo da siminti, a rufe ruf. Kowace safiya a dama ɗanyen kashin shanu da ruwa, garwa ɗaya da garwa ɗaya, a zuba. In ya ruɓe sai ya fid da gas, bututu ya kai shi murhu. Miliyoyin gidaje a Indiya da Sin da shi suke girki. A nan gida ma Cibiyar Binciken Makamashi ta Sakkwato ta yi aiki a kansa.

Lissafi

Saniyar da ke turke tana ba da kashi wajen kilo 10 a rana. Kilo 25 zai kunna murhu ɗaya kamar awa biyu. Gida mai mutum biyar ko shida yana bukatar kilo 50 kullum, wato shanu biyar.

Ribar kashi biyu ce. Ta farko, kuɗin itace ya zauna a aljihu, mata kuma su huta da hayaƙi. Ta biyu, abin da ya fita daga ramin taki ne mai kyau, zai rage mana sayen takin zamani. Wanda ya bar takin nan ya lalace ya zubar da riba mai yawa.

Inda Ake Hasara

1. Shanun da ke yini a daji, a can suke barin kashinsu.
2. In da kuɗi muke sayen ruwa, ribar ta ragu.
3. Da hunturu gas yakan ragu, gama sanyi yana hana ruɓewa da sauri.
4. In magini bai iya ba, rufin ya tsage, gas ya tsere.

Abin Yi

Mu rubuta abin da muke kashewa kan wutar girki da taki a shekara. Mu tambayi magini kuɗin gini. Mu raba kuɗin ginin da na shekarar, za mu ga shekara nawa ramin zai biya kansa. Mai shanu biyu ya haɗa kai da maƙwabci. Kada mu ci bashi sai lissafin ya fita.