Tsayi, Rana da Dusar Ƙanƙara: Yadda Ake Zaɓen Dutsen Wasan Zamiya a Bazarar Turai

Gabatarwa

A ƙasashe masu sanyi akwai wani wasa da ake kira siki, wato zamiya a kan dusar ƙanƙara. Mai wasan yakan ɗaura waɗansu dogayen alluna biyu sirara a ƙafafunsa, ya riƙe sanda a kowane hannu, sa'an nan ya sulalo daga kan dutse zuwa gindinsa. Wasan ya daɗe da samun gindin zama a tsaunukan Alps, waɗanda suka ratsa Faransa da Suwizalan da Italiya da Ostiriya. A garin Chamonix na Faransa ne ma aka yi gasar Olamfik ta hunturu ta farko a shekarar 1924. A yau akwai garuruwa da yawa a waɗannan tsaunuka da abincinsu ya dogara ga baƙin da ke zuwa wasan.

A tsakiyar hunturu, wato Janairu da Fabrairu, zaɓen wurin zuwa ba ya da wuya sosai, domin sanyi ya game ko'ina. Wuyar tana zuwa ne daga watan Maris zuwa Mayu, lokacin da za mu kira bazarar Turai a wannan darasi. A lokacin rana takan yi tsawo, iska ta fara ɗumi, dusar ƙanƙara kuma ta fara narkewa. Mutum yana iya biyan kuɗin jirgi da masauki tun watanni kafin tafiya, ya isa ya tarar da ciyawa da taɓo, alhali wani garin da bai fi tafiyar 'yan sa'o'i ba yana nan fari fat. Wannan bambanci ba sa'a ce ke kawo shi ba. Dokokin kimiyya ne waɗanda ɗalibin sakandare ya riga ya gamu da su a darasin labarin ƙasa da na fiziks, kuma su ne za mu bi ɗaya bayan ɗaya.

Tsayin wuri

Abu na farko da ake dubawa shi ne tsayin wuri daga doron teku. Hasken rana yana ratsa iska ba tare da ya ɗumama ta sosai ba. Ƙasa ce ke shan zafin, sa'an nan ta ɗumama iskar da ke kanta. Idan iska ta tashi sama, nauyin da ke danne ta yakan ragu, sai ta buɗe, buɗewar kuma ta sa ta huce. A matsakaicin lissafi, duk hawan mita 1,000 yana rage zafi da kimanin digiri 6.5 a ma'aunin Salshiyos. Wannan ne dalilin da ya sa Jos, wadda ke kan tsayin kimanin mita 1,200, ta fi Kano sanyi, ko da yake Jos ce ta fi kusa da tsakiyar duniya.

Bari mu gwada wannan doka a kan garuruwa biyu na wasan zamiya. Garin Kitzbühel na Ostiriya yana kan tsayin kimanin mita 760. Garin Val Thorens na Faransa kuwa yana kan mita 2,300, wato kaɗan ya rage ya kai ƙololuwar Chappal Waddi, dutse mafi tsawo a Nijeriya, mai mita 2,419. Tazarar tsayin garuruwan biyu mita 1,540 ke nan. Idan aka ninka 1.54 da 6.5 za a sami kimanin digiri 10. Saboda haka a ranar da ma'aunin zafi ya nuna digiri 8 a garin farko, ana sa ran ya nuna digiri 2 ƙasa da sifiri a na biyu. A wuri ɗaya ƙanƙara tana narkewa, a ɗayan tana nan daskare. Shi ya sa Val Thorens yakan ci gaba da karɓar masu wasa har farkon watan Mayu.

Mai zaɓe yakan dubi lambobi biyu: tsayin garin da zai kwana, da tsayin wurin da keken igiya ke kai mutane. Garin Zermatt na Suwizalan, alal misali, yana kan mita 1,620, amma keken igiyarsa yana kaiwa mita 3,883 a kan dutsen Klein Matterhorn. A irin wannan wuri ana iya samun rana mai daɗi a cikin gari, da ƙanƙara mai kyau a sama.

Nisa daga tsakiyar duniya yana iya maye gurbin tsayi. Riksgränsen, a arewacin ƙasar Siwidin, duwatsunsa na wasa ba su kai mita 1,000 ba, amma da yake yana can cikin yankin Atik, ana zamiya a wurin har cikin watan Mayu, lokacin da dare yake kusan ɓacewa. A nahiyarmu kuwa, inda rana ta fi ƙarfi, sai an hau sosai: Oukaïmeden na ƙasar Maroko yana kan kimanin mita 2,600 a tsaunukan Atlas, duk da haka lokacin wasansa gajere ne.

Inda gangare ya fuskanta

Abu na biyu shi ne ɓangaren da gangaren dutse ya fuskanta. Tsaunukan Alps suna kimanin digiri 46 arewa da tsakiyar duniya, don haka da tsakar rana kullum rana tana kudu da su. A wajen 21 ga Disamba tsayinta a sama bai wuce digiri 21 ba, amma a wajen 21 ga Maris takan kai digiri 44.

Mu ɗauki dutse mai gangare biyu, kowanne ya karkata da digiri 30, ɗaya yana fuskantar kudu, ɗaya arewa. A ranar 21 ga Maris da tsakar rana, haske yana sauka a gangaren kudu da kusurwar digiri 74, wato 44 a tara da 30. A gangaren arewa kuwa yana sauka da kusurwar digiri 14 kacal, wato 44 a debe 30. Ɗalibin da ya yi lissafin kusurwoyi zai iya duba tebur ya ga sayin na digiri 74 shi ne 0.96, na digiri 14 kuma 0.24. Ma'ana, kowane taku na gangaren kudu yana shan hasken rana kai tsaye kimanin ninki huɗu na abin da takwaransa na arewa ke sha. Dutse ɗaya ne, tsayi ɗaya, amma wani gefe ya koma ruwa, wani yana nan da dusa. Don haka mai tafiya a watan Afrilu yakan nemi wurin da yawancin hanyoyin zamiyarsa suka fuskanci arewa.

A kudancin duniya al'amarin yana juyewa. A wurin wasa na Afriski da ke ƙasar Lesoto, hunturu yana zuwa daga Yuni zuwa Agusta, rana tana arewa, gangaren kudu kuma shi ne mai inuwa.

Farin launi da ƙurar Sahara

Kowa ya san farar riga ta fi baƙa daɗin sawa a lokacin zafi, domin fari yana mayar da haske, baƙi kuwa yana shanye shi. Sabuwar dusar ƙanƙara tana mayar da kashi 80 zuwa 90 cikin ɗari na hasken da ya sauka a kanta. Idan ta tsufa, ta jiƙe, ta yi datti, abin da take mayarwa yakan sauko zuwa wajen rabi. Lura da abin da wannan ke nufi: dusar da ke mayar da kashi 85 tana shan kashi 15, wadda ke mayar da kashi 55 kuwa tana shan kashi 45, wato ninki uku. Da zarar narkewa ta fara, sai ta riƙa ƙara wa kanta sauri.

A nan ne hamadar Sahara take shiga labarin. Kamar yadda iskar hunturu ke kawo mana ƙura daga arewa, haka wani lokaci iska mai ƙarfi takan kwashi ƙurar hamada ta haye tekun Bahar Rum da ita. A watan Maris na 2022 irin wannan ƙura ta sauka a tsaunukan Sifen da Faransa da Suwizalan, har dusar ƙanƙara ta koma ruwan goro. Dusar da ta yi wannan launi tana shan zafi fiye da fara, tana kuma saurin narkewa.

Abin da ke taimakon dusar ƙanƙara shi ne yawan zafin da narkewa ke bukata. Kafin kilo ɗaya na ƙanƙara ya zama ruwa, sai ya sha kilojul 334, wato zafin da zai ɗaga kilo ɗaya na ruwa daga sifiri zuwa digiri 80. Saboda haka wurin da ya tara dusa mai kauri a hunturu yana da ajiyar da rana ba za ta cinye cikin 'yan kwanaki ba. Kauri kaɗai kuma ba ya isa shaida. Sabuwar dusa yawancinta iska ce, tsohuwar da ta danne ta fi ta nauyi ninki uku ko huɗu, ta kuma fi ta jure rana.

Dare da rana

A bazara dusar ƙanƙara tana sake kama a cikin yini guda. Idan dare ya yi garau babu gajimare, zafin ƙasa yakan tsere sama, sai saman dusar ya daskare ya yi tauri. Da hantsi rana takan tausasa samansa kaɗan, ƙasansa kuma yana nan da ƙarfi. Wannan shi ne lokacin da masu wasa suka fi so. Da azahar kuwa sai ta jiƙe ta yi nauyi, ta riƙa riƙe ƙafa. Gwanaye sukan bi rana: su fara da gangaren gabas da safe, su koma na kudu, sa'an nan na yamma da na arewa. Wurin da ke da hanyoyi masu fuskantar ɓangarori daban-daban ya fi ba da damar yin haka.

Haɗurran da ke tattare da tsayi

Tsayin da ke adana dusa yana da nasa sharri. Na farko shi ne zaftarewar dusar ƙanƙara. Idan ruwan narkewa ya ratsa cikinta, sai ta saki jikin dutse ta gangaro gaba ɗaya, musamman a gangare mai karkatar digiri 30 zuwa 45, kuma an fi ganin haka da rana tsaka ko bayan daren da bai daskare ba. Tun daga 1993 ƙasashen Turai suke amfani da ma'aunin haɗari mai mataki biyar, ana kuma sanar da matakin kowace rana. Wanda ya ƙetare hanyoyin da aka shata ba tare da ya duba sanarwar ba, ya sayi wahala da kuɗinsa, wataƙila ma ya rasa ransa.

Na biyu shi ne ɓoyayyen hasken rana da ake kira altarabayolet, wanda ke ƙona fata da ido. Ƙarfinsa yana ƙaruwa da kimanin kashi 10 cikin ɗari a duk hawan mita 1,000, ga shi kuma dusa tana mayar da shi daga ƙasa. Wanda ya yini ba tabarau yana iya kwana da ciwon ido mai tsanani, ko da baƙar fata ne. Na uku shi ne ƙarancin iska. A tsayin mita 3,000 kowane numfashi yana ɗauke da kimanin kashi 70 cikin ɗari na iskar oksijin da ake samu a bakin teku. Daga wajen mita 2,500 waɗansu sukan yi ciwon kai da jiri da rashin barci. Rigakafinsa shi ne a hau sannu a hankali, a kwana a ƙasa da inda aka yini.

Ɗumamar duniya

A da, wurin da ke da kogin ƙanƙara, wato ƙanƙarar da ta taru shekaru aru-aru tana gangarowa a hankali, shi ne mafi tabbas. Hintertux na Ostiriya, mai kaiwa mita 3,250, ya yi suna da wasa kusan duk shekara. Amma waɗannan koguna suna raguwa. A Suwizalan sun rasa kimanin kashi 6 cikin ɗari na jikinsu a 2022, da kashi 4 a 2023, wato kashi 10 cikin shekara biyu. A watan Yuli na 2022 sai da Zermatt ya dakatar da wasan lokacin zafi saboda narkewa. Garuruwa da yawa sun koma ga injinan feso dusa, amma injin yana cin ruwa da lantarki, kuma ba ya aiki sai iska ta yi sanyi ƙasa da sifiri. Asarar ba ta tsaya ga masu wasa ba, domin manyan koguna irin su Rhine da Rhône daga waɗannan tsaunuka suke tasowa, miliyoyin mutane kuma suna sha da noma da su.

Kammalawa

Mai neman wurin zamiya a bazarar Turai yana da tambayoyi huɗu da zai yi kafin ya biya kuɗi: Mita nawa ne tsayin garin da na ƙololuwarsa? Ina hanyoyinsa suka fuskanta? Wane kauri dusa ta tara a hunturun bana? Dare yana daskarewa kuwa? Amsar kowacce tana cikin darussan zafi da haske da ake koyarwa a ajinmu.

Aiki ga ɗalibai

1. A sami ƙanƙara dunƙule biyu masu girma ɗaya. A barbaɗa wa ɗaya garin gawayi, a bar ɗayar haka nan, a ajiye su a rana. A rubuta mintin da kowacce ta ɗauka kafin ta narke, a kuma bayyana dalili.

2. Idan zafi ya kai digiri 5 a Zermatt, nawa ake sa ran ya kasance a kan Klein Matterhorn?

3. A sake lissafin gangaren kudu da na arewa da ranar 21 ga Disamba, lokacin da rana take kan digiri 21. Me zai faru ga gangaren arewa da tsakar rana?