Darasin Wata: Abincin Mai Ciwo da Shawarar Na'ura

'Yan'uwa manoma, darasinmu na wannan wata a kan abincin masu ciwon da ake daɗewa da shi ne, watau ciwon sukari, hawan jini da ciwon ƙoda. Kafin a fara, shugaba ya sa a karanta Karin Magana 14:15.

Tun da ChatGPT ya fito a 2022, aka kuma sa Meta AI cikin WhatsApp a Nijeriya a 2024, yaranmu sun sami abokin tambaya a waya. Ba mu hana ba. In aka tambayi na'urar nan ko mene ne hawan jini, sau da yawa takan yi bayani daidai. Amma in aka ce, "Me Baba zai ci?" nan ne haɗari yake.

Ga dalili. Na'urar ta koyi magana ne daga tarin rubuce-rubuce, galibinsu na Turanci, tana jera kalmomin da suka saba bin juna. Ba ta auna jinin Baba ba, ba ta ga ƙwayoyin da yake sha ba, ba ta kuwa san girman malmalar tuwon gidanku ba. Ko daidai ta faɗa ko kuskure, da murya ɗaya take magana, ba ta inda-inda.

Bari mu ɗauki gishiri. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babba kada ya kai giram 5 a yini, watau ƙasa da cikin cokalin shayi ɗaya, har da wanda ke cikin dunƙulen Maggi. Mata su lura, kanwa ma tana ɗauke da sinadarin da ke ta da jinin. Mai hawan jini zai amfana da ayaba, wake, tumatir da alayyafo, gama suna da fotasiyam. Amma hawan jini da sukari su ne manyan masu lalata ƙoda, kuma a ɓoye suke yi, shekara da shekaru ba zafi. Ƙodar da ta gaji ƙwarai ba ta iya fitar da fotasiyam. In ya taru cikin jini yana iya tsayar da zuciya. Ashe abincin da ya taimaki Saratu yana iya kwantar da maƙwabcinta. Gwajin jini a asibiti ne kaɗai zai raba su.

A 2025 likitoci a Amurka sun ba da labarin wani mutum mai shekara 60 da ya so barin gishiri. Ya ce ya tambayi ChatGPT, sa'an nan ya koma cin wani sinadari mai suna sodiyam buromaid har wata 3. Hankalinsa ya rikice, ya yi mako 3 a asibiti.

Masu sukari kuma, mai shan allurar insulin ko ƙwayar gilibenkilamaid, in ya rage tuwo farat ɗaya, ko ya shiga azumi, sa'an nan ya wuni yana huɗa, sukarinsa zai iya faɗuwa. Alamunsa su ne rawar jiki, gumi da jiri. In yana iya haɗiya, a ba shi sukari cikin ruwa nan da nan. In ya suma, kada a ɗura masa kome, a kai shi asibiti.

Aikin ƙungiya kafin taro na gaba: kowane gida mai marar lafiya ya rubuta abin da yake ci na kwana 3, har da fura da kunu, a haɗa da kwalayen maganinsa. Abin da waya ta faɗa ma a rubuta, a kai wa malamin asibiti ya duba tukuna. Magatakarda ya gayyaci ma'aikacin lafiya na kusa ya zo da abin awon jini ranar taron.