Wayarka na danna kanta? Duba cajarka tukuna

Na gaji da jin wannan ƙorafi. Ta baya-bayan nan wata hajiya ce mai sayar da atamfa, ta zo mini hankali a tashe, wai wayarta tana buɗe WhatsApp da kanta, tana rubuta shirme, har ta kira surukinta da tsakar dare. Wani ya rantse mata 'yan kutse ne, maƙwabciya kuma ta ce a nemo mai ruƙiyya. Na ce, "Hajiya, a jikin caji take yin haka?" Ta ce ƙwarai kuwa. Na zare cajar, waya ta yi tsit kamar an yi ruwa an ɗauke.

Gilashin wayoyin yanzu ba ƙarfin dannawa yake ji ba. A ƙarƙashinsa akwai siraran layukan lantarki a saƙe kamar tabarma. Da yatsa ya taɓa, lantarkin wurin zai sauya, sai waya ta gane inda aka taɓa. Wani injiniya a Ingila, E.A. Johnson, ya bayyana wannan dabara tun 1965, iPhone kuma ta yaɗa ta a 2007. Saboda haka duk abin da ya dagula lantarkin nan, waya za ta ɗauke shi yatsa ne, ko ɗigon ruwa ne, ko gumi, ko batirin da ya kumbura yana tokare gilashi, ko uwa-uba caja marar kyau.

Masu maganar kutse za su ce ai an taɓa yi. Gaskiya ne. A 2022 masu bincike daga jami'ar Zhejiang ta China da ta Darmstadt a Jamus sun danna waya ba tare da taɓa ta ba, ta hanyar aika mata igiyoyin lantarki. Amma sai da na'urarsu ta matso kusa da wayar, tazarar da ba ta wuce santimita 4 ba. To wane ɗan kutse ne zai kwana ƙarƙashin matashin Hajiya don ya kira surukinta?

Mu koma kan caja, don nan gizo ke saƙar. Mutum ya sayi waya mai tsadar gaske, sannan ya tsaya a bakin titi ya ɗauki caja mafi araha, wadda ba ta iya tace wuta. Ya jona ta a janareto, waya tana zafi yana latsawa. Yau gilashi ne ke rawa, gobe batir ne zai tafi. Araha dai ba ta ado. In caja tana ƙara, ko tana zafin da ba ka iya riƙe ta, jefar da ita, kada ma ka ba yara.

Wasu masu gyara su ma da laifinsu. Kafin ka rufe baki sun ce sai an canza sikirin, ko a wanke wayar gaba ɗaya, hotuna da lambobi su salwanta, alhali ko caja ba su gwada ba.

Kafin ka biya kowa ko sisi, zare caja, goge gilashi da busasshen ƙyalle, cire gilashin kariya in ya tsage, ka kashe wayar ka kunna. In ba ta daina ba, ko ka ga bayanta ya ɗago, daina yi mata caji ka kai ta wurin ƙwararre a ranar.